«Tauraro» da «gungun taurari»: sharhi kan kalmomin da Hausa take faɗar sararin samaniya da su

0. Gabatarwa

A watan Maris na 2025, kundin da ake kira Charte de la refondation ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. Wannan ya zo ne shekara 52 bayan buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, a 1973, inda aka fara karantar da yara cikin Hausa. Doka tana iya ba harshe muƙami cikin yini guda. Kalmomin da malami zai shiga aji da su kuwa, sai an zauna an tankaɗe su ɗaya bayan ɗaya, kuma in aka yi sakaci a nan yaro ne zai biya: zai hardace jimla daidai, ya fita da hoton da ba daidai ba a zuciyarsa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu duba fanni guda, wanda Faransawa suke kira astrophysique, wato binciken ainihin taurari: da me aka yi su, mene ne nisansu, yaya suke samuwa, yaya suke ƙarewa, kuma wane irin gini suka haɗu suka yi. Ba ƙamus za mu kawo ba. Sharhi za mu yi kan kalmomi biyu da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsu a rubuce-rubucen Hausa da labaran rediyo, su ne «tauraro» da «gungun taurari». Abin da muke son nunawa shi ne, kalmomin da muka gada an yi su ne domin sanin lokaci, saboda haka samaniya a wurinsu shimfiɗa ce marar zurfi, alhali kuwa binciken zamani kusan dukkansa kan zurfin yake. Za mu kuma nuna cewa kayan gyara suna nan cikin Hausar kanta.

Shaidarmu ita ce samaniyar Yamai, kamar yadda ake ganinta daga unguwar Koira Kano, a yammacin birni. Yamai tana kan digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Wannan wuri ne mai kyau ga mai kallo: yana ganin tauraron arewa ƙasa-ƙasa, yana kuma ganin Suhailu da sauran manyan taurarin kudu waɗanda ba su taɓa fitowa a samaniyar Paris. Littafin da aka zana domin yaron Faransa ba zai nuna masa su ba.

1. Abin da muka gada

1.1. Sunayen gargajiya

Bahaushe ya raɗa suna ga abin da yake da amfani gare shi. Zara ita ce mai tsananin haske da ke bayyana a yamma bayan faɗuwar rana, sau da yawa kusa da jinjirin wata, har aka ce mata matar wata. Gamzaki shi ne mai fitowa a gabas kafin gari ya waye, agogon matafiyi. Kaza da ƴaƴanta su ne ƴan ƙananan taurarin nan da suke cure wuri guda, waɗanda ɓacewarsu a yamma cikin bazara da sake fitowarsu a gabas da asuba suke gaya wa manomi damina ta ƙarato. Sunaye ne masu kyau, an kuma yi su bisa lura ta gaske.

Amma a duba da kyau. Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, ita ce Zuhura ta Larabawa, wadda wani lokaci take bin bayan rana, wani lokaci take riga ta fitowa. Abu ɗaya ke nan mai suna biyu, kuma a ma'anar masana ba tauraro ba ce, duniya ce ta dutse irin tamu, mai aron hasken rana. A ɗaya gefen kuma ga suna ɗaya mai ɗauke da abubuwa da yawa. Tauraruwa mai wutsiya, wadda Umaru Dembo ya sa wa littafinsa na 1969 sunanta, curin ƙanƙara ce da ƙura. Tauraron ɗan'adam ƙarfe ne da mutum ya ƙera. Wanda ake cewa ya faɗo da dare, ƙwayar dutse ce da ta ƙone cikin iska. Rana kuwa, wadda ita ce tauraro na haƙiƙa mafi kusa da mu, kalmar ba ta shafe ta ba sam. Ke nan «tauraro» a Hausa yana nufin duk wani ɗigon haske na dare, ko mene ne shi.

1.2. Lissafin malamai

Gado na biyu shi ne lissafin taurari 28 da malamai suke riƙe da shi, bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Kowane yana da kwana 13, ban da Jabha mai 14, jimla kwana 365. A 1967 Mervyn Hiskett ya buga nazari a mujallar makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Landan kan yadda wannan lissafi na Larabawa ya shiga waƙoƙin Hausa. Aikinsa ya amsa tambayar asali, kuma sunayen kansu sun ishe shi shaida, domin duk Larabci ne da harshen Bahaushe ya lanƙwasa. A ganinmu akwai tambaya ta biyu wadda ta fi shafar malamin makaranta: me kalmar «tauraro» take nufi cikin wannan lissafi?

In manomi ya ce Nasara ta shiga, ba samaniya ya duba ba, kwanaki ya ƙirga. Ga hujja. Shaula da Na'a'im cikin taurarin ɗari ake lissafa su, amma wanda yake son ganinsu a Yamai bayan sallar lisha sai ya jira damina, watannin Yuli da Agusta, sa'ad da suke tsaye a kudu. Cikin ɗari rana ce take kusa da su, haskenta ya rufe su. Lissafin yana bin inda rana ta kai ne cikin shekara. Ashe «tauraro» a nan sunan kwana 13 ne. Kalanda ce, kuma kalanda mai amfani, wadda ta yi wa manoma hidima ɗaruruwan shekaru. Matsala tana farawa ne in makaranta ta ari kalmar ba tare da ta faɗa wa yaro cewa ma'ana ta sake ba.

Akwai kuma wani nauyi da kalmar take ɗauke da shi. «Ilimin taurari» a kunnen Bahaushe ya haɗa da duba da sa'a da hatimi. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya haɗa ilimin ɗalasimai da na taurari cikin littafi ɗaya, al-Durr al-manzum. Domin kauce wa ruɗani, a nan za mu riƙa cewa «kimiyyar taurari».

2. Nisa

2.1. Ashirin da takwas, ba iri ɗaya ba

In aka ɗauki jerin malamai aka nuna kowane suna da madubin hange, sai a ga abubuwa iri-iri. Dabaran tauraro ne guda. Ƙalb ma, jan nan na ƙirjin Kunama, ƙato ne da ya tsufa ya kumbura, faɗinsa ya ninka na rana sau ɗaruruwa. Surayya, wadda ita ce Kaza da ƴaƴanta, taurari ne fiye da 1.000, ko da yake ido shida ko bakwai yake gani. Nasara ga ido ɗan tabo ne fari-fari, amma Galileyo da ya duba ta da madubinsa ya ƙirga taurari wajen 40 a ciki, yau kuma an san sun kai kimanin 1.000. Bulda kuwa fili ne kusan wayam tsakanin taurari. Jerin da yaran tsangaya suke hardacewa ɗakin gwaji ne shiryayye, sai dai an rufe dukkan kayansa da suna ɗaya.

2.2. Kama da wane ba ta wane

Bahaushen da ya zo Yamai ya ji an ce Koira Kano, Kanon Dabo take faɗo masa a rai. Sunan kuwa Zabarmanci ne, ma'anarsa gari mai daɗi, ba abin da ya haɗa shi da Kano sai kamar lafazi. Irin wannan kuskure ido yake yi a samaniya. Dabaran yana zaune a gefen wasu taurari masu fasalin baki-biyu, kowa ya gan shi zai ce babbansu ne. Awo ya nuna ba ya cikinsu: suna bayansa da nisan da ya ninka nasa fiye da sau biyu. Layi ɗaya kawai suka faɗo daga inda muke tsaye.

Yaya ake wannan awo? A miƙa hannu a ɗaga babban yatsa, a rufe ido ɗaya, sa'an nan a buɗe shi a rufe ɗayan: yatsan zai yi kamar ya gusa bisa bangon da ke bayansa, kuma gwargwadon kusancinsa gwargwadon gusawarsa. Idanun masana su ne wurare biyu da duniya take kasancewa wata shida tsakani cikin kewayenta na rana, tazarar kilomita miliyan 300. Da wannan dabara Bajamushe Friedrich Bessel ya fara auna nisan tauraro a 1838. Kumbon Gaia na Turawa, wanda aka harba a 2013 ya daina aiki a 2025, ya bi taurari wajen miliyar 1,8, ya kuma ba da nisan mafi yawansu.

2.3. Ma'aunin nisa

Haske yana gudun kilomita 300.000 a daƙiƙa. Daga rana zuwa gare mu minti 8 da ɗan ɗori yake yi. Cikin shekara yana cin kilomita miliyar 9.460. Faransawa suna kiran wannan tazara année-lumière, masu fassara kuma suka ce «shekarar haske». Mai sauraro yana jin shekara sai ya ɗauka zancen lokaci ake yi. Abin mamaki, a nan Hausa ta fi Faransanci shiri, domin tun zamanin fatake da tafiya take auna nisa: gari kaza tafiyar kwana uku ne, daga Agadas zuwa Bilma zango kaza ne ga ayarin gishiri. In aka ce Dabaran tafiyar shekara 65 ne ga haske, Ƙalb kuma tafiyar shekara wajen 550, ba wanda zai ruɗe. Jimlar ta kuma ɗauko gaskiya ta biyu a kyauta, wato abin da muke gani tsohon labari ne, hasken ya baro gida tun tuni.

2.4. Kaza da ƴaƴanta

A kan Kaza, sunan gargajiya ya dace da bincike fiye da yadda masu raɗa shi suka zata. Waɗannan taurari ƙyanƙyasa ɗaya ne da gaske: daga dunƙulen gas ɗaya suka samu, shekara miliyan 100 da wani abu da suka wuce, nauyinsu yana jan juna, kuma tare suke tafiya. Nan gaba, bayan wasu ɗaruruwan miliyoyin shekaru, za su watse kamar ƴan tsakin da suka girma. Manoman Faransa ma da sunan kaza da ƴan tsaki suka san su, la Poussinière.

Nisansu ya taɓa jawo gardama mai zafi. Sakamakon kumbon Hipparcos da aka fitar a 1997 ya ba da tafiyar shekara wajen 390, alhali lissafin da aka gina kan fahimtar yadda taurari suke ƙonewa yana bukatar wajen 440. Bambancin ba ƙarami ba ne: in Hipparcos ya yi daidai, to akwai kuskure cikin abin da aka sani game da hasken taurari masu ƙuruciya, kuma da irin Kaza ake gwada ma'aunin da ake kai wa nesa. A 2014 aka sake awo da na'urorin rediyo aka sami kimanin 444, daga baya Gaia ya tabbatar. Yaron da aka koya wa cewa Kaza «gungun taurari» ce kawai, ba shi da ƙofar shiga wannan labari.

3. «Gungun taurari»

Ranar 12 ga Yuli 2022 aka fitar da hotunan farko na madubin hange na James Webb. Cikinsu akwai wurin da taurari suke samuwa, da gas ɗin da wani tauraro mai mutuwa ya fesar, da wasu manyan tsibiran taurari guda biyar, da kuma wani taro na irin waɗannan tsibirai masu ɗimbin yawa. Duk wanda ya gwada ba da wannan labari da Hausar da ke hannu ya san inda ake tuntuɓe: «gungun taurari» ce take zuwa baki kowane karo. Kalmar ba ƙarya ba ce, sai dai ta yi faɗi har ba ta riƙe komai. Aƙalla abubuwa huɗu take rufewa.

Na farko, fasalin da ido yake haɗawa, kamar Kunama ko Jauza'u, wanda Abzinawa suke kira Amanar. Taurarinsa suna iya kasancewa ba dangi ba. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ta tsai da 88 a 1922, aka shata iyakokinsu a 1930, kamar yadda ake shata gundumomi bisa taswira. Na biyu, taro na haƙiƙa irin Kaza da Nasara, ɗaruruwa ko ƴan dubbai, masu ƙuruciya, a warwatse. Na uku, taro mai dunƙulewa kamar curin dawo, na tsofaffin taurari masu shekara fiye da miliyar 10. Mafi girmansu a wajenmu, Omega ta Kentauri, tana da taurari miliyoyi, tafiyar shekara wajen 17.000 ce ga haske, kuma daga Yamai tana hawa digiri 29 a kudu cikin dararen bazara, ga ido kamar tauraro mai dishi-dishi. Na huɗu shi ne tsibirin da ya ƙunshi duka waɗannan, galaxie a Faransanci.

Tsibirinmu shi ne farin zanen nan da yake ratsa samaniya a daren da babu wata. A Koira Kano fitilun gidaje da na titi sun kusa shafe shi, sai an fita bayan gari. Fassara sunansa na Faransanci kalma da kalma, a ce hanyar nono, ɗauko tatsuniyar Girkawa ce wadda ba ta gaya wa yaro komai. Larabawa suna ce masa al-Majarra, kuma da wannan kalma suke kiran kowane irin tsibirin a yau. Siffarsa ta faifai ce mai tudu a tsakiya: faɗinsa tafiyar shekara wajen 100.000, kaurinsa wajen 1.000 kawai, wato kamar tabarma mai faɗin mita ɗaya da kaurin santimita ɗaya. Taurarinsa sun wuce miliyar 100. Rana tana tafiyar shekara wajen 26.000 daga tsakiya, tana kewaya ta sau ɗaya cikin shekara miliyan 230 ko kusa da haka. Da yake cikin faifan muke, in mun dubi tsawonsa sai taurari su taru su zama farin zane, in mun dubi sama ko ƙasa da shi sai su yi ƙaranci. Kiran Kaza da wannan gini da suna ɗaya kamar kiran gida da ƙasar Nijar da suna ɗaya ne.

4. Hazo

4.1. Darasin Faransanci

Faransanci ma ya taɓa shiga irin wannan ruɗani. Kalmar nébuleuse da can tana nufin duk wani tabo fari-fari da ba a iya rarrabewa. A shekarar 964 Abdurrahman al-Sufi ya rubuta cikin littafinsa na siffofin taurari cewa akwai ɗan gajimare a yankin da yanzu ake kira Andoromeda. Shekaru ɗaruruwa ana jera shi tare da tabon da ke ƙarƙashin ɗamarar Jauza'u. A 1864 William Huggins ya rarraba hasken wani tabo zuwa launukansa ya ga na gas ne mai zafi. Tsakanin 1923 da 1925 Edwin Hubble, bisa dokar da Henrietta Leavitt ta gano a 1912 kan taurari masu ƙaruwa da raguwar haske, ya nuna cewa Andoromeda tsibiri ne dabam, can wajen namu. Awon yau ya sa shi a tafiyar shekara miliyan 2,5. Tabon Jauza'u kuwa na cikin gida ne, tafiyar shekara wajen 1.350. Daga nan aka raba suna. Awo ne ya tilasta wa harshe gyara, kuma ba dole ba ne Hausa ta maimaita shekarun ruɗanin kafin ta ɗauki gyaran.

4.2. Gajimare ko hazo?

Masu fassara sukan ce «gajimare». Gajimare a Hausa na ruwa ne, alamar damina. Abin da ke tsakanin taurari busasshe ne: gas, mafi yawansa haidirojin, da ƙura wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Yana kuma da matuƙar sirantaka, domin a tsakiyar tabon Jauza'u ƙwayoyin zarra ƴan dubbai ne cikin santimita ɗaya ta ko'ina, alhali iskar da muke shaƙa tana da ƙwayoyi miliyar sau miliyar 25 cikin wannan awo. Kaurinsa na shekaru masu yawa ga haske ne yake sa a gan shi. Haka hazon hunturu yake: ba ka ganinsa a tafin hannunka, amma in ka tsaya bakin kogin Isa sai ka nemi tsallaken Harobanda ka rasa.

Da «hazo» ana iya rarrabe iri-iri ba wahala. Akwai hazo mai hasken kansa, kamar na Jauza'u, inda taurari jarirai masu zafi suke sa gas ɗin da ya haife su yin haske. Akwai hazo mai aron haske, kamar shuɗin da hotuna suke nunawa kewaye da Kaza, wanda ƙura ce da Kazar take ratsawa a kan hanyarta. Akwai baƙin hazo, mai tare hasken bayansa, shi ne duhun da ya tsaga farin zanen gida biyu a samaniyar damina. Akwai kuma hazon ƙarshen tauraro, kamar wanda ya saura daga fashewar da aka gani a 1054, wadda Sinawa suka rubuta, likitan Bagadaza Ibn Butlan ma ya ba da labarinta.

4.3. Abin da hazo ya ɓoye

Babban amfanin kalmar shi ne tana bayyana tarihin binciken kansa. Wanda hazo ya rutsa da shi a fili yana ganin tazara ɗaya ta kowace fuska, sai ya zaci a tsakiya yake. Haka ya faru ga William Herschel a 1785 da Jacobus Kapteyn a 1922: sun ƙirga taurari, suka sa rana kusa da tsakiyar ginin. Harlow Shapley a 1918 ya bi wata hanya. Ya auna curarrun tarukan nan, waɗanda suke sama da ƙasa da faifan, wajen ƙura, ya ga sun kewaye wani wuri mai nisa ta fuskar Shaula da Na'a'im. A 1930 Robert Trumpler ya tabbatar da cewa akwai ƙura mai dusashe haske tsakanin taurari. Daga tsakiyar tsibirinmu, cikin ƙwayoyin haske miliyar dubu irin wanda ido yake gani, wajen ɗaya kawai take isowa.

Sai aka koma ga hasken da ƙura ba ta tarewa. A 1951 aka kama saƙon rediyo na haidirojin mai tsawon santimita 21, da shi aka zana hannuwan faifan masu murɗewa. Da hasken da ke bayan ja, wanda ido ba ya gani, Reinhard Genzel da Andrea Ghez suka bi taurarin da ke kewaya cibiya, ɗayansu cikin shekara 16, suka nuna akwai baƙin rami mai nauyin rana miliyan 4. Aka ba su kyautar Nobel a 2020, a watan Mayu na 2022 kuma aka fitar da hoton inuwarsa. Afirka tana da hannu a wannan fage: na'urar MeerKAT ta Afirka ta Kudu, mai faranti 64, da hoton wannan cibiya aka buɗe ta a 2018. Daga Yamai cibiyar tana hawa digiri 47, a Paris kuwa da ƙyar take wuce 12.

Kamancen yana da iyaka, kuma ya kamata malami ya faɗe ta. Ƙurar hunturu, wadda iska take kwasowa daga Bodele ta ƙasar Cadi, manya-manya ce, shi ya sa take mai da rana fara kamar wata. Ƙurar tsakanin taurari ta fi ta ƙanƙanta ƙwarai, tana cinye shuɗi ta bar ja, kamar yadda hayaƙin gobarar daji yake yi wa rana.

5. Shawarwari

Bisa abin da ya gabata muna ba da shawarar a keɓe «tauraro», a cikin aji, ga abin da yake ƙona kansa ya ba da haske, har da rana. A bar «duniya» ga Zuhura da ƴan'uwanta, tunda bakin jama'a ya riga ya karɓa. A ce «siffar taurari» ga fasalin ido, bin sawun al-Sufi. «Garken taurari» ga irin Kaza, domin garke tare yake tafiya. «Curin taurari» ga dunƙulallu. «Hazo» ga gas da ƙura. «Majarra» ga tsibirin, jam'inta majarrori.

Wani zai ce, me ya hana a ari kalmomin Faransanci kurum, kamar yadda aka ari lakwal? Aro ba laifi ba ne, Hausa ba ta taɓa jin kunyarsa ba. Amma akwai dalili biyu na yin hattara. Na farko, yaron Maraɗi zai ara daga Faransanci, ɗan'uwansa na Katsina ya ara daga Ingilishi, littafin ɗaya ya kasa amfanin ɗayan, alhali abin da aka gina kan Hausa da Larabcin malamai na kowa ne. Na biyu, aro yana zuwa da kurakuran mai shi. Faransawa har yanzu suna cewa nébuleuse planétaire ga gas ɗin tauraro mai mutuwa, ko da yake ba abin da ya haɗa shi da duniyoyi. Kamar ido ce ta ƙarni na 18 ta manne a harshe.

Wani kuma zai ce, keɓe «tauraro» zai ɓata lissafin malamai. Ba zai ɓata ba. Manomi zai ci gaba da cewa Jabha ta shiga, kamar yadda muke cewa rana ta faɗi ko da mun san duniya ce take juyawa. Abin bukata shi ne yaro ya san yana da ma'ana biyu a hannu. Kafin a tsai da jerin ƙarshe kuma, wajibi ne a bi hanyar da cibiyar CELHTO ta saba, a tattaro sunaye daga bakin manoma da makiyaya da madugai, a kuma duba rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a IRSH, domin kalmar da ke raye ta fi wadda aka ƙera a ofis.

6. Kammalawa

Abdou Moumouni, wanda jami'armu take ɗauke da sunansa tun 1992, ya yi aikin rayuwarsa kan hasken rana, kuma tun 1964, cikin littafinsa kan ilimi a Afirka, ya kare karantarwa cikin harsunan gida. Kimiyyar taurari gwaji ce mai kyau ga wannan ra'ayi, domin kayan aikinta na farko kyauta ne, kowane dare ana baje su.

Muna ba kwamitocin kalmomi jarrabawa mai sauƙi. A daren watan Disamba marar wata da ƙarancin hazo, wajen ƙarfe 9, a fita da ɗalibai daga Koira Kano zuwa bayan gari ta hanyar Tilaberi. Abubuwa huɗu suna samaniya a lokaci guda, duk ido yana iya kama su: Dabaran, tafiyar shekara 65, Kaza, 444, tabon Jauza'u, 1.350, Andoromeda, miliyan 2,5. In ɗalibi ya iya kiran kowane da sunan irinsa, ya jera su daga na kusa zuwa na nesa, ya kuma faɗi dalili cikin Hausa ba tare da ya tsallaka zuwa Faransanci ba, jerin kalmomin ya ci. In kuwa duka huɗun sun koma «tauraro» da «gungun taurari», to da sauran aiki, kuma aikin na masana harshe ne da masana kimiyya a zaune a tabarma ɗaya.